Gubar fumfuna a hatsin ajiya da hanyoyin rage ta

Afulatoksin guba ce da fumfunar da masana ke kira Aspergillus flavus ke fitarwa a jikin masara, gyaɗa da dawa. Ba a gane ta da ido ko ɗanɗano, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Daɗewa ana cin ta na haddasa kansar hanta, kuma a 2004 gurɓatacciyar masara ta hallaka mutum 125 a Kenya.

Laima ce ke rura matsalar. Hatsin da ya baro Kano a bushe yakan ja danshi a shagunan 'yan kasuwar Agege da Mile 12 a Legas, musamman idan an jibge buhunan a kan siminti. Kariya ta farko ita ce busarwa har danshin masara ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari, da ɗora buhuna bisa katako.

Busasshen ganyen darbejiya, toka da barkono, waɗanda manoma suka daɗe suna zubawa a rumbu, suna rage ƙwarin da ke huda ƙwaya su buɗe wa fumfuna hanya. Sai dai ba sa cire gubar da ta riga ta shiga.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wato ƙwayar dawa da aka lulluɓe da nau'in fumfunar da ba ta fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta, makonni 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure. Nan take danne mai gubar tun a gona, kariyar kuma ta bi hatsin har cikin ajiya.