Sinawa masu gina tashoshin lantarki a Pakistan

A ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2024, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya afka da mota shaƙe da bama-bamai cikin ayarin motocin da ke kan hanyar zuwa Dasu, a arewa maso yammacin Pakistan. Injiniyoyi biyar 'yan ƙasar Sin da direbansu ɗan Pakistan ne suka rasa rayukansu a kusa da garin Besham.

Wannan ne karo na biyu cikin ƙasa da shekaru uku da aka kashe ma'aikatan da ke gina madatsar ruwa ta Dasu. Kuma kamar yadda aka yi a karon farko, an dakatar da aiki, an biya diyya, daga bisani ma'aikatan suka koma bakin aikinsu.

Mafarin hulɗar

Sin da Pakistan sun daɗe suna ƙawance, har shugabanninsu kan ce abotar tasu ta fi tsaunukan Himalaya tsawo, ta fi teku zurfi, ta kuma fi zuma zaƙi. Sai dai abin da ya kai dubban ma'aikatan Sin ƙasar shi ne matsalar wutar lantarki.

A farkon shekarun 2010, manyan biranen Pakistan kan shafe sa'o'i da dama ba wuta a kowace rana, a ƙauyuka kuwa lamarin ya fi muni. Masaƙu sun yi ta rufewa, jama'a na zanga-zanga a kan tituna. Nawaz Sharif ya lashe zaɓen 2013 ne da alƙawarin kawo ƙarshen ɗauke wutar.

A watan Afrilun 2015 Shugaba Xi Jinping ya ziyarci Islamabad, inda aka ƙaddamar da shirin haɗin gwiwar tattalin arziki da ake kira CPEC a taƙaice, wanda aka ƙiyasta a kan dala miliyan dubu 46. Kaso mafi tsoka na kuɗin an ware shi ne domin makamashi.

An kuwa yi aikin da sauri. Tashar kwal ta Sahiwal a lardin Punjab, mai ƙarfin megawat 1,320, ta fara aiki a 2017, cikin kimanin shekaru biyu da soma gina ta. Ta Port Qasim a Karachi, mai irin wannan ƙarfi, ta biyo baya a 2018, sai ta Hub a lardin Balochistan a 2019. Madatsar Karot a kan kogin Jhelum, mai megawat 720, ta soma ba da wuta a 2022, ta Suki Kinari kuma a 2024.

Dasu ba ta cikin shirin na CPEC. Hukumar ruwa da wutar lantarki ta Pakistan, wato WAPDA, ita ke da aikin, Bankin Duniya na cikin masu ba da rance, kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin kuma shi ya samu kwangilar. Ana gina ta ne a kan kogin Indus, a yankin Kohistan mai tsaunuka, kuma ana sa ran za ta samar da megawat 4,320 idan an kammala ta baki ɗaya.

Su wane ne ma'aikatan?

Akasarinsu ma'aikatan manyan kamfanoni ne mallakin gwamnatin Sin, irin su PowerChina da Gezhouba da Three Gorges, waɗanda suka goge a wajen gina madatsun ruwa a cikin gida kafin gwamnati ta ƙarfafa musu gwiwar fita neman kwangila a ƙasashen waje, tun daga wajajen shekarar 2000.

Sinawan su ne ke riƙe da aikin injiniya da na sa ido da na haɗa manyan injuna, yayin da 'yan Pakistan suka fi yawa a aikin ƙarfi da tuƙi da gadi.

Kafofin watsa labaran gwamnatin Sin kan nuna su a matsayin jakadun zumunci, masu sadaukar da kai domin haskaka gidajen wata al'umma. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: mutum kan yi wata da watanni bai ga iyalinsa ba, kuma a lokacin annobar korona da yawa sun maƙale a wuraren aiki saboda rufe hanyoyin jiragen sama. Amma akwai kuma dalilai na yau da kullum. Albashin aiki a waje ya fi na gida, kuma wanda kamfaninsa ya tura ba kasafai yake da zaɓi mai yawa ba.

Rayuwarsu a Pakistan kusan ta kulle ce. Suna zaune a sansanoni masu katanga da masu gadi, ba sa fita sai da rakiyar jami'an tsaro. Wannan ya rage cuɗanya tsakaninsu da mutanen da suke aiki a yankunansu, ga kuma bambancin harshe da na al'ada.

A watan Afrilun 2023, cikin azumin Ramadan, taƙaddama ta ɓarke a Dasu tsakanin wani ɗan Sin mai kula da aiki da leburori kan tafiyar hawainiyar da aikin ke yi. An zarge shi da yin ɓatanci ga addini, jama'a suka tare babbar hanya, 'yan sanda suka tsare shi, aka kuma ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa Abbottabad. Ya musanta zargin, kuma kotu ta ba da belinsa.

Hare-hare

Kai wa Sinawa hari ya girmi shirin CPEC. A watan Oktoban 2004, mayaƙan Abdullah Mehsud sun sace injiniyoyi biyu da ke aikin madatsar Gomal Zam a Kudancin Waziristan. Ɗaya ya mutu a yunƙurin da sojoji suka yi na ceto su, aikin kuma ya tsaya na tsawon shekaru.

Mafi muni shi ne na ranar 14 ga watan Yulin 2021, lokacin da wata motar safa da ke kai ma'aikata Dasu ta tarwatse ta faɗa cikin kwazazzabo. Mutane 13 ne suka mutu, tara daga cikinsu Sinawa.

Da farko hukumomin Pakistan sun ce matsalar inji ce ta haddasa fashewar, abin da bai yi wa Beijing daɗi ba, domin tun a ranar ta ce harin bam ne. Sai bayan kusan wata guda ministan harkokin wajen Pakistan na lokacin, Shah Mahmood Qureshi, ya bayyana cewa harin ƙunar baƙin wake ne, ya kuma ɗora alhakinsa a kan 'yan Taliban na Pakistan tare da zargin hukumomin leƙen asirin Indiya da Afghanistan da hannu a ciki. Indiya ta musanta, ita ma ƙungiyar ta musanta. A farkon 2022 gwamnati ta amince da biyan diyyar dala miliyan 11.6 ga Sinawan da abin ya shafa.

Barazanar ta kudu dabam ce. 'Yan awaren Balochistan na ƙungiyar BLA suna zargin Sin da haɗa baki da gwamnatin tarayya wajen kwashe arzikin yankinsu. Su ne suka ɗauki alhakin harin ranar 6 ga watan Oktoban 2024 a kusa da filin jirgin saman Karachi, wanda ya hallaka Sinawa biyu ma'aikatan tashar Port Qasim, 'yan kwanaki kafin taron ƙolin ƙungiyar haɗin kan Shanghai a Islamabad.

Tun a 2016 Pakistan ta kafa runduna ta musamman mai dakaru kimanin 15,000 domin kare ayyukan CPEC. Duk da haka, bayan harin na Karachi jakadan Sin a Islamabad, Jiang Zaidong, ya fito fili ya ce ƙasarsa ba za ta lamunci irin waɗannan hare-hare ba, lafazin da ba a saba ji ba tsakanin ƙawayen biyu.

Wuta ta samu, bashi ya taru

Babu jayayya cewa tashoshin sun ƙara dubban megawat a kan abin da Pakistan ke samarwa. Inda gizo ke saƙar shi ne biyan kuɗin.

Yarjejeniyoyin sun tanadi cewa gwamnati za ta riƙa biyan masu tashoshin wani ƙayyadadden kuɗi ko an sha wutar ko ba a sha ba, kuma ana lissafinsa ne da dala. Da darajar rupi ta faɗi, sai kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabo, bashin da kamfanonin Sin ke bin gwamnati kuma ya yi ta ƙaruwa. A watan Yulin 2024 ministan kuɗi Muhammad Aurangzeb ya je Beijing neman a tsawaita wa'adin biyan basussukan ɓangaren makamashi, waɗanda suka kai kimanin dala miliyan dubu 15.

Su kansu tashoshin kwal ɗin yayinsu ya fara wucewa, domin a watan Satumban 2021 Shugaba Xi ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Sin ba za ta ƙara gina sababbi a ƙasashen waje ba.

Waɗannan kamfanoni ba baƙi ba ne a Afirka ta Yamma. Sinohydro, wani reshe na PowerChina, yana cikin waɗanda suka gina madatsar Zungeru mai megawat 700 a jihar Neja ta Najeriya, inda 'yan bindiga suka sace Sinawa uku masu aiki a watan Janairun 2022. Gezhouba, mai aikin Dasu, shi ne kuma ya samu kwangilar madatsar Kandadji a Jamhuriyar Nijar, ya kuma dakatar da aikin a 2023 bayan juyin mulkin da ya sa masu ba da rance suka tsayar da kuɗinsu.

A Dasu kuwa, an sha ɗage ranar da za a fara samun wuta, kuma har zuwa 2025 ba a kammala kashin farko na aikin, mai megawat 2,160, ba.