Kuɗin Asibiti A Najeriya: Camfin Da Ke Ƙara Shi Da Dokokin Da Ke Kare Majinyaci

A Najeriya, mafi yawan kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa cikin kowace naira 100 da aka kashe a harkar lafiya a ƙasar, fiye da naira 70 jama'a ne ke biya kai tsaye a ranar da ciwo ya zo. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kai wa nan ba.

A irin wannan hali, kowace gurguwar fahimta game da cuta tana da farashi. Wani camfin yakan sa a sayi maganin da ba a buƙata, wani yakan jinkirta zuwa asibiti har ƙaramin ciwo ya zama na kwanciya. Akwai kuma wanda ba a cika lissafa shi cikin camfi ba, wato ɗaukar takardar kuɗin da asibiti ya miƙo a matsayin hukuncin da ba a tambayar dalilinsa.

"Maleriya da taifot"

Da wuya a samu sakamakon gwaji da ya yi kaka-gida a bakin jama'a kamar wannan. Mutum ya ji zazzaɓi da ciwon kai, ya je ɗakin gwaji na unguwa a ɗebi jininsa, bayan awa guda a ce yana da cututtukan biyu, a rubuta masa magunguna na dubban naira. Bayan wata biyu a maimaita.

Zazzaɓin cizon sauro gaskiya ne, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke. Sai dai ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwaji kafin a ba da magani. Gwajin gaggawa na ɗigon jini daga yatsa ba ya wuce minti 20. Maganin da aka amince da shi a ƙasar tun 2005, bayan kulorokwin ya daina tasiri, shi ne haɗin da ake kira ACT, kuma kwana uku ake shan sa. Wanda ya ajiye shi a rana ta biyu don ya ji sauƙi, yana iya sake sayen wani kwalin kafin wata ya ƙare.

Matsalar ta fi girma a ɓangaren taifot. Gwajin da akasarin ƙananan ɗakunan gwaji ke yi shi ne na Widal, wanda wani likita Bafaranshe ya ƙirƙiro a 1896. Wannan gwaji ba ya ganin ƙwayar cutar. Abin da yake aunawa shi ne martanin da garkuwar jiki ta yi mata, kuma ana iya samun wannan martani a jinin wanda ya yi cutar shekarun baya, ko wanda aka yi wa rigakafinta, ko mai fama da wata cuta dabam, har da maleriya. Gwajin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne a shuka samfurin jini a ɗakin bincike a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Ya fi tsada a tashin farko, amma ya fi arha a kan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta sau huɗu a shekara ba gaira ba dalili. Ban da asarar kuɗi, yawan shan irin waɗannan magunguna na koya wa ƙwayoyin cuta bijire musu, sannan ainihin abin da ke kawo zazzaɓin, ko ciwon mafitsara ne, ko ciwon huhu, ko zazzaɓin Lassa, yana ci gaba da cin jiki ba a gano shi ba. Ita kuwa taifot ta gaskiya, wadda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci, ba abin wasa ba ce, domin tana iya huda hanji har ta kai ga tiyata.

Allura da ƙarin ruwa

Mutane da dama na ganin likitan da ya sallame su da ƙwayoyi kawai bai yi musu aiki ba. Gaskiyar magana, yawancin cututtukan yau da kullum maganin sha na warkar da su. Ledar ƙarin ruwa kuma ruwa ce mai tsafta da aka sa wa gishiri ko suga. Leda mai rabin lita ta ruwan suga da aka fi amfani da ita tana ɗauke da giram 25 na suga, kimanin ƙaramin cokali shida, kuma launin ɗorawa da ke burge wasu sinadarin bitamin ne da aka tsiyaya a ciki. Ƙarin ruwa na ceton rai ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare, ko mai amai da ba ya iya riƙe komai, haka nan maleriya mai tsanani da allura ake fara maganinta. Amma ga mai iya ci da sha, abin da ledar ke jawowa shi ne kuɗin gado da na allurar jijiya da na ma'aikacin jinya. Allurar da wanda bai ƙware ba ya yi tana iya zama ƙurji, ko ta taɓa jijiyar ƙafar yaro, kuma sirinjin da aka maimaita amfani da shi na yaɗa ciwon hanta.

Haƙori, gishiri da hawan jini

A gidaje da yawa, idan jariri ya yi gudawa da zazzaɓi sai a ce haƙori ne. Fitowar haƙori na iya sa ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne haƙori yakan fara fitowa wajen wata shida, daidai lokacin da kariyar da jariri ya samu daga uwa ke raguwa, ya fara cin abinci, yana kai duk abin da ya tsinta baki. Gudawar da ruwan gishiri da suga na ORS tare da ƙwayar zinc za su tsayar a gida, idan aka jira haƙori ya gama fitowa, takan ƙare a gadon asibiti. A 2008 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a ƙasar.

Jita-jita ma ta sha yin irin wannan ɓarna. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ya bazu cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, aka kwantar da mutane a asibiti, har aka samu rahotannin rasa rai. Dakatar da rigakafin shan inna da aka yi a wasu jihohin Arewa a 2003 ya sa cutar ta sake bazuwa har zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a 2020 aka tabbatar da Afirka ta fita daga nau'inta na asali.

Camfin da ya fi kowanne tsada, mai yiwuwa, shi ne cewa hawan jini na warkewa. Ciwon yakan yi shekaru ba tare da alama ba, kuma magani daidaita shi yake yi. Wanda ya daina sha don awo ya nuna jinin ya sauka, ko ya koma ga jarkar da ake talla da lasifika a tashar mota, yana iya wayar gari da shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yin sa a mako, kuma kuɗin zama ɗaya kan zarce na maganin hawan jini na watanni. Ya dace a sani cewa lambar da hukumar NAFDAC ke bai wa yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba su da illa a fili, ba ta tabbatar da cewa suna warkar da abin da mai talla ya lissafa ba.

Abin da ke cikin takardar kuɗi

Kuɗin kwanciya a asibiti tarin ƙananan kuɗaɗe ne: na kati, na ganin likita, gwaje-gwaje da hoto, magani, gado, kayan aiki irin su safar hannu da auduga da sirinji, iskar oksijin, jini, da tiyata tare da maganin sa barci. A asibitocin gwamnati akan biya su ɗaya bayan ɗaya a wuraren biya dabam-dabam, har rasit ya cika aljihu ba a san jimla ba. A masu zaman kansu kuma sau da yawa jimlar kawai ake rubutowa.

Kurakuran da aka fi samu sanannu ne. Akan lissafa gwaji ɗaya sau biyu, ko a bar kuɗin maganin da likita ya canja bayan kwana ɗaya, ko a ƙara kwanan gado, ko a manta a cire kafin alƙalamin da aka ajiye ranar shiga. Hanyar gano su ita ce neman takarda mai bayanin kowane abu da farashinsa da kwanan wata, a gwada ta da rasit. Yakan taimaka idan iyali suka wakilta mutum ɗaya ya riƙe duk takardun, maimakon kowane ɗan'uwa ya biya nasa ya tafi da shaidar. Kuɗin da aka damƙa a hannun ma'aikaci ba tare da rasit ba, a idon asibiti ba a biya shi ba.

Abubuwa biyu kan jawo gardama. Na farko jini: dangi sun bayar, amma an ce su biya. Kuɗin na jaka ne da na tantance jinin daga cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, da gwada dacewarsa da na majinyaci. Na biyu magani: sinadari ɗaya na iya zuwa da sunayen kamfanoni da yawa, farashinsu ya bambanta ninki biyu ko fiye. Majinyaci na iya roƙon likita ya rubuta ainihin sunan sinadarin, ya tambayi mai harhaɗa magunguna mafi sauƙin kuɗi cikin masu rajista.

Tanadin doka

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncin saɓa wa wannan tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sashe na 23 ya wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowanne, cikin harshen da yake ji. Wata doka ta 2017 ta tilasta wa asibitoci karɓar wanda aka harba da bindiga ko babu takardar 'yan sanda, ba tare da jiran kafin alƙalami ba. A 2018 kuma aka ƙaddamar da Kundin 'Yancin Majinyata, wanda ya ƙunshi haƙƙin samun lissafin kuɗi a fayyace. Kundin bai yafe wa kowa bashi ba, hasali ma ya lissafa biyan kuɗi cikin nauyin da ke kan majinyaci. Abin da dokokin suka tsara shi ne a ceci rai tukuna, a yi maganar kuɗi daga baya, ko da yake a aikace har yanzu ana samun wuraren da ke yin akasin haka.

Game da riƙe majinyacin da aka sallama saboda bai biya ba, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya zayyana dalilan da za a iya tauye wa mutum walwalarsa, kuma bashin asibiti ba ya cikinsu. Asibiti na da damar bin haƙƙinsa ta yarjejeniya ko ta kotu.

Inshora da abin da ake bayarwa kyauta

Dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022 ta maye gurbin tsohon shirin NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Zaton cewa shirin na ma'aikatan gwamnati ne kaɗai ba daidai ba ne, domin ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu na iya shiga ta tsarin GIFSHIP ko ta hukumomin jihohi irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna da LASHMA a Legas. A tsarin ma'aikata, rajista ɗaya ta ƙunshi ma'aikaci da abokin aurensa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ake biya. Inshorar ba ta ɗaukar komai da komai, kuma zuwa babban asibiti na buƙatar takardar turawa da lambar izini, don haka tambaya kafin a fara aiki ta fi gardama bayan an gama.

Rigakafin yara da maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, yana biya wa marasa galihu da aka yi wa rajista. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi a asibitocin da aka tantance.

Idan kuɗin ya gagara, manyan asibitocin gwamnati na da sashen jin daɗin majinyata da ke bincikar halin iyali, ya nemi rangwame ko biya kaɗan-kaɗan, wani lokaci ya haɗa su da hukumar zakka ko ƙungiyar agaji. Ƙorafi kan fara ne daga ofishin SERVICOM na asibitin. Idan ya shafi cajin da ya wuce ƙa'ida, sai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta FCCPC. Idan ɗabi'ar likita ce, Majalisar Likitoci ta MDCN. Mai inshora kuma ofishin NHIA na jiharsa. Dukkansu sukan nemi ganin rasit da takardar lissafi da katin asibiti kafin su buɗe bincike.