Flash da Linux: Zaman Doya da Manja

A tsakiyar shekarun 2000, wanda ya ɗora Linux a kwamfutarsa yakan buɗe YouTube ya tarar da fili wayam inda bidiyo ya kamata ya fito. Abin da ya rasa shi ne Flash, 'yar manhajar da ake liƙa wa burauza domin ta nuna bidiyo da zane mai motsi. Kamfanin Macromedia ya mallake ta a 1996, Adobe kuma ya saye Macromedia a 2005. Asalin rubutun manhajar yana kulle a hannun kamfani.

A nan gizo ke saƙar. An gina Linux bisa aƙidar cewa kowa na da ikon duba manhaja, ya gyara, ya raba wa wasu. Lasisin Flash bai yarda da haka ba, shi ya sa a wancan lokacin Ubuntu ke ba da ɗan ƙunshi kawai, wanda aikinsa ya ɗauko ta daga wurin Adobe. Wasu da hannu suke kwafar fayil ɗin libflashplayer.so zuwa ma'ajiyar Mozilla, su sake kunna burauza suna fatan a dace. Sau da dama hoto ya fito, sauti ya ƙi.

Flash 8 ba ta taɓa zuwa Linux ba. Sai a Janairun 2007 Flash 9 ta iso. Masu kwamfuta mai bit 64 sun fi kowa jin jiki, domin sun dogara da wata gada mai suna nspluginwrapper wadda ba ta da tabbas, har Nuwamban 2008 da aka fitar musu da samfurin gwaji. Masu aikin GNU sun rubuta kishiyarta, Gnash, amma kafin su cim ma wani salo Adobe ya riga ya fito da sabo.

A 2012 Adobe ya sanar cewa bayan 11.2 sabuwar Flash za ta zo wa Linux ta cikin Chrome kaɗai. Abin takaici, mutanen da suka guje wa manyan kamfanoni sai ga su a ƙofar Google.

Ba gyara ne ya kawo ƙarshen wahalar ba, HTML5 ce: burauza ta koyi kunna bidiyo da kanta, YouTube ya koma kanta a Janairun 2015. Adobe ya daina kula da Flash ranar 31 ga Disamba, 2020. Tsofaffin wasanni da zane-zanenta yanzu taskar Internet Archive ke nuna su ta hanyar Ruffle, manhajar da rubutunta ke buɗe ga kowa.