Ɓari

ɓari (suna, namiji): faɗuwar ciki kafin lokacin haihuwa ba da nufin mai shi ba, kamar a ce "ta yi ɓarin wata uku", wanda aka fitar da gangan kuwa, da ƙwayar magani ko wankin ciki a asibiti, shi ake kira zubar da ciki, wanda mafi yawan fuƙaha'un Malikiyya suka hana tun daga shigar cikin, dokar Arewacin Nijeriya kuma ta halatta shi don ceton ran uwa kaɗai. Bayan ɓari, jini yakan ɗauke cikin makonni, amma baƙin ciki yakan daɗe, domin mace takan ɗora wa kanta laifin abin da Allah ya ƙaddara, har sai uwarta ko aminiyarta ta zauna bakin gado da kunun kanwa, ta bar ta ta yi kukanta.