Sisiliya: tarihin sarauta daban, tarihin jini daban

Tsibirin Sisiliya yana tsakiyar Bahar Rum, daf da kudancin Italiya, kuma kimanin kilomita 150 ne ke raba shi da gaɓar Tunisiya. Don haka duk wanda ya yi ƙarfi a wannan teku sai ya sa masa ido. Finikiyawa suka kafa Palarmo, Girkawa suka gina Sirakusa wajen shekara ta 733 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka fara mallakarsa a 241. A shekara ta 827 miladiyya, rundunar Aglabawa daga Ƙairawan ta sauka Mazara ƙarƙashin alƙali Asad bin Furat, almajirin Imam Malik. Normandawa suka ƙwace shi tsakanin 1061 da 1091, kuma a fadar sarkinsu Roje na biyu ne Idrisi ya kammala littafinsa a 1154, inda ya ambaci Kawar.

An daɗe ana zaton kowane ɗaya daga cikin waɗannan masu mulki ya sauya asalin jama'a. Binciken ƙwayoyin gado da aka ciro daga tsofaffin ƙasusuwa ya nuna ba haka ba ne. Babban tushen mutanen Sisiliya da kudancin Italiya shi ne manoman da kakanninsu suka taso daga Anatoliya, suka iso wajen shekara ta 6000 kafin miladiyya. A zamanin tagulla wasu jinsuna suka ƙaru daga filayen arewacin Baƙin Teku da kuma gabashin Bahar Rum. Shi ya sa jininsu yake kusa da na mutanen Kirit da tsibiran Girka. Kason Arewacin Afirka yana nan, amma kaɗan ne, ga shi kuwa Musulmi sun yi fiye da ƙarni biyu suna mulki. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne Firederik na biyu ya kwashe ragowarsu zuwa Lucera tun daga shekarun 1220, aka kuma tarwatsa wannan matsuguni a 1300.

Abin da Larabawa suka bari ya fi bayyana a gona da a baki: rake, lemu, dabarun ban ruwa, da sunayen garuruwa irin su Marsala, daga kalmar da ke nufin tashar jiragen ruwa. Malamin da ke koyar da jerin sarakuna ya kamata ya tuna cewa sarki kan zo ya wuce, amma manomin da ya tarar shi ne kakan mafi yawan jama'a.