Ƙafar Direba da Na'urar ABS: Nazari kan Tazarar Tsayawar Mota

Tsakure

Maƙalar ta duba iƙirarin gogaggun direbobi cewa ƙafarsu ta fi na'urar ABS iya tsayar da mota. An dogara da ka'idar riƙon taya da kuma gwajin da aka fitar da sakamakonsa a Amurka a 1999. Iƙirarin ya tabbata a kan tsakuwa, amma ba gwanintar direba ce dalili ba.

Gabatarwa

A 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ABS mai aiki da lantarki a motar S-Class. Aikinta shi ne hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Tun daga lokacin wasu direbobi ke cewa tana shiga tsakaninsu da motarsu.

Riƙon taya

Taya ta fi kama kwalta lokacin da birki ya rage jujjuyawarta da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na gudun motar. Da zarar ta kulle, sai ta koma jan ƙasa, riƙo ya ragu, sitiyari kuma ya daina jin magana. Gwanin direba yana laluben wannan ɗan tsakani da tafin ƙafarsa: ya danna har taya ta fara kuka, ya ɗan sassauta, ya riƙe a nan. A busasshiyar kwalta, a miƙaƙƙiyar hanya, bayan ya maimaita sau da yawa, yana iya kamo na'urar, musamman ta tsofaffin motoci.

Sai dai birkin da yake takawa ɗaya ne, tayoyi kuwa huɗu. ABS tana auna gudun kowace taya, tana sassauta matsin man birki tana mayarwa har kusan sau 15 a daƙiƙa guda. A ɗauka tayoyin dama sun sauka kan yashin gefen titi, na hagu suna kan kwalta. Direba ko dai ya taka gwargwadon ɓangaren santsi ya yi asarar riƙon kwalta, ko ya taka da ƙarfi motar ta juya da shi. Babu ƙafar da ke raba matsi gida biyu. Ko a tseren Formula 1, inda aka haramta ABS tun 1994, ana ganin zakarun duniya suna kulle tayar gaba a bakin kwana, hayaƙi na tashi. Su kuwa sun san kwanar tana tafe. Wanda yaro ya faɗo wa titi bai sani ba.

Tsakuwa

Nan ne masu iƙirarin ke da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Gwajin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, na 1999 ya nuna ABS ta ƙara tazarar tsayawa a kan sakakkiyar tsakuwa da kimanin kashi 27 cikin 100. Dalili shi ne kullalliyar taya tana tona ƙasa, tana tara tudun tsakuwa a gabanta, tudun ya tokare ta. ABS kuwa tana sakin tayar ta haye tudun kafin ya taru. Wannan ya shafi duk mai bin hanyar burji a ƙasar Hausa, kuma direban da ya ce motarsa "ta ƙi tsayawa" a can ba ƙarya yake yi ba.

Amma abin da ya yi nasara a nan kulle taya ne, wanda ɗan koyo ma yakan yi don firgita. Kuma farashinsa sitiyari ne: motar za ta tsaya da wuri, amma a kan layin da ta ɗauko, ko da rami ne a gaba. A ganin mai wannan nazari, gyaran yana wajen saita na'urar. Shi ya sa wasu motocin shiga daji ke da tsarin da ke barin taya ta ɗan kulle a kan tsakuwa da yashi kafin a sake ta.