Kuregen da doka ta hana a sake shi

A gonakin gyaɗa na Argungu da Birnin Kebbi, kurege ɓarawo ne. A tatsuniya kuwa shi ne mai wayon da ke wahalar da kura. Yaron da ya tsinci jaririn kurege ya raine shi, ya mayar da shi daji, bai yi laifi ba, domin nan ne mahaifarsa. A Ingila labarin ya sha bamban.

A shekarar 1876 aka saki kurege mai launin toka, ɗan asalin Amurka ta Arewa, a wani gandu da ke Cheshire, don ƙawata wuri kawai. Baƙon ya hayayyafa, ya fi jan kuregen ƙasar girma da cin abinci, yana kuma ɗauke da wata cutar ƙuraje da ba ta cika yi masa illa ba, amma takan kashe ɗan gida. A yau jan kurege ya ɓace daga mafi yawan Ingila, sai a Sikotland da wasu tsibirai yake da sauran ƙarfi.

Tun Disamban 2019, doka ta hana masu jinyar dabbobi sakin baƙon kuregen da suka ceto. Ko su nemi lasisin tsare shi har mutuwa, ko a kashe shi cikin sauƙi. Masu shayar da marayun kurege da hannunsu sun yi kuka.

Sha'awar wasu attajirai ce ta jawo haka. Kafin mu shigo da baƙuwar dabba, ko kifi cikin Gulbin Rima, mu tambayi kanmu wanda za ta kora.